Aikin mutum bakwai ya dawo kanmu mu biyu: in ajiye ko in ƙara haƙuri?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga manyanmu da suka daɗe a aikin gwamnati.

Ni akawu ne a sashen kuɗi na ofishin shiyya na wata ma'aikatar jiha, ba sai na kama suna ba. An ɗauke ni a 2011 da digiri, a mataki na 8. Ranar da na kama aiki mu bakwai ne a sashen. Uku sun yi ritaya, ɗaya Allah Ya yi masa rasuwa, ɗaya ya samu hanya an mayar da shi hedikwata. Ko mutum ɗaya ba a turo a madadinsu ba. Yanzu daga ni sai wata baiwar Allah kashiya.

Tunda shugaban sashe ya yi ritaya, shekara biyu ke nan, ni ke zaune a kujerarsa. Ni ke haɗa takardun biya, ni ke rahoton ƙarshen wata, in odita ya zo ni ke tsayawa gabansa. Amma da baki aka ce in riƙe, ba takarda, ba alawus. Ƙarin girma kuwa, tun 2018 nake mataki na 10.

Albashi ba ya kai mu ashirin ga wata. Yara huɗu, gidan haya. Yayana yana da shagon atamfa a Kantin Kwari, ya ce in tattara in koma Kano in riƙe masa sabon shagon da zai buɗe, zai ba ni kaso. Hajiyarmu ta ce kada in saki reshe in kama ganye. Uwargida ta ce reshen ma ai ya bushe. Ni kuma na rasa tudun dafawa.

Baba Mai Fansho:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye maganar Kano tukuna, akwai wadda ta fi ta gaggawa. Shekara biyu kana sa hannu a takardun kuɗi a kujerar da ba a ba ka a rubuce ba? Ka san abin da ka ɗaukar wa kanka kuwa? Ranar da lissafi ya ƙi daidaita, wanda ya ce maka "riƙe mana" zai ce shi bai tuna ba, takardar tuhuma kuma sunanka za ta ɗauko. Na yi shekara 35 a wannan aiki, na ga mutanen kirki da wannan ya kayar. A gwamnati, abin da ba ya cikin fayil bai faru ba.

Ka rubuta wa babban sakatare ta hannun shugaban shiyyarku. Kada ka yi kuka, kada ka ambaci tsadar masara. Ka kawo ranar da kowane ɗaya cikin biyar ɗin ya bar sashen, da ayyukan da suka dawo kanka, sannan ka nemi abu biyu: takardar riƙon ƙwarya, da a turo ma'aikata.

Sai ƙarin girma. A ƙa'idar da aka saba, daga mataki na 7 zuwa 14 shekara uku-uku ne, kuma daga 10 ana tsallakawa 12. Da komai ya tafi daidai, 2014 kana 9, 2017 kana 10, 2020 kana 12, 2023 kana 13. To ka ga ba ƙarancin albashi kaɗai ke cin ka ba, matakai biyu aka danne maka. Je ka ofishin kula da ma'aikata da ƙafarka ka nemi ganin fayil ɗinka. Kada ka aika masinja.

Maman Sadik:
Malam, ka ba ni dariya ka ba ni tausayi. Ni a hedikwata nake, a wata jihar. Ɗakinmu tebur huɗu ne, mu goma sha ɗaya. Wanda ya riga zuwa shi ke da kujera, sauran sai gindin darbejiya ana hirar siyasa har azahar. Akwai waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba sai ranar tantancewa. Don haka duk wanda ya ce maka babu ma'aikata, bai faɗa maka gaskiya ba. Akwai su, kowa ne dai ya ƙi ƙauye, kuma kowa da ubangidansa. A takardarka kada ka ce a ɗauki sababbi, za a ce maka ba kuɗi a kasafi. Ka ce a turo daga cikin waɗanda ake biya. Kafin nan ka nemi ko 'yan bautar ƙasa biyu da suka karanta lissafin kuɗi, suna rage nauyi sosai.

Na Kwari:
Ni fa ban ga abin tsayawa rubuce-rubuce ba. Oga, yi lissafi tunda aikinka ne. Shekarar da aka ɗauke ka mafi ƙarancin albashi Naira 18,000 ne, dala ba ta kai 170 ba, wato sama da dala ɗari. A 2024 aka mayar da shi 70,000 dala ta haura 1,500, bai kai dala hamsin ba. Ƙari ne wannan ko ragi? Aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Masu cewa aikin gwamnati tabbas ne, su tambayi malaman firamare sama da 21,000 da aka sallama a Kaduna bayan jarabawar 2017. Ni na ajiye nawa, ban yi nadama ba.

Baba Mai Fansho:
Na Kwari, lissafinka daidai ne. Amma kai da jarinka ka shiga kasuwa, shi kuwa yaron shagon yayansa zai zama. Ba ɗaya ba ne.

Sakataren Reshe:
Bari in ƙara kan maganar Na Kwari, don mutane na ɗauka in an ninka mafi ƙarancin albashi kowa ma an ninka masa. Ba haka ba ne. Lokacin da aka koma 30,000 a 2019, yarjejeniyar ƙwadago da gwamnatin tarayya ta ba mataki na 7 ƙarin kashi 23.2 cikin ɗari, na 8 kashi 20, na 9 kashi 19, daga 10 zuwa 14 kashi 16, daga 15 zuwa 17 kashi 14. Na can ƙasa kuwa ya samu sama da kashi 60. Jihohi kuma kowace ta zauna ta yanka nata. Shi ya sa 'yan tsakiya irinka, waɗanda aikin ke wuyansu, su ne suka fi jin jiki. Ka ba wakilin ƙungiyarku kwafin takardar da Baba ya ce ka rubuta. Kuɗin ƙungiya ake cire maka duk wata, ba sadaka kake yi ba.

Ummu Hanan:
Me zai hana ka haɗa biyun? Ka sa ɗan abin da kake da shi a shagon, ka riƙa leƙawa ƙarshen mako.

Sakataren Reshe:
A yi hattara dai. Kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, noma kaɗai ya ware.

Ummu Hanan:
To ashe dukanmu masu laifi ne. Rabin ofishinmu turaren wuta da zannuwan gado muke sayar wa juna bashi zuwa ƙarshen wata.

Kawu Ɗanlami:
Ni ta zumunci zan yi magana. "Zan ba ka kaso" ba magana ba ce. Kaso nawa? Na riba ko na ciniki? In an yi asara fa? Gidan da za ka zauna a Kano wa zai biya? Ku zauna gaban Hajiya da wani dattijo a rubuta. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya da shago ya raba, har yau ba sa ga maciji. Sannan ka bincika wane tsarin fansho jiharku ke bi. In irin na dokar 2014 ne, wanda ake cire maka kashi 8 gwamnati ta zuba 10, kuɗinka na asusunka, amma kafin ka cika shekara 50 kashi 25 kawai za ka iya cira, shi ma sai ka yi wata huɗu ba aiki. Kada ka ƙirga shi a matsayin jari. Ka tambaya ko ana ba da hutu ba albashi, ka gwada kasuwar shekara guda kujerarka na nan.

Baban Walida:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya na je hedikwata. Baba, maganarka ta tabbata: babu ko layi ɗaya a fayil ɗina da ya nuna ina riƙe da sashe. Abin da ya fi ƙona min rai, fom ɗin auna ƙwazona na shekara uku a jere babu su ciki, ashe tun daga shiyya ba a taɓa turawa ba. Na ce wa Yaya ya ba ni zuwa bayan Babbar Sallah, ya ce shago ba ya jiran mutum amma zai duba. Na rubuta takardar, Baba ko in turo maka ka gani?

Baba Mai Fansho:
Turo. In akwai kalmar "zalunci" a ciki ka cire ta tun yanzu. Ka yi kwafi uku, kuma kada ka baro rajista sai an buga wa naka hatimi da kwanan wata.