Muhawara: Wai Tafawa Ɓalewa ɗan amshin shatan Sardauna ne?

Malam Idi, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya wajen mai shayi a Ƙofar Doka aka ba ni canjin naira biyar, ta koɗe har fuskar Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ƙyar ake gane ta. Wani saurayi da ke gefena ya leƙo ya ce, “Wannan ai ɗan amshin shata ne. Sardauna ke kiɗa a Kaduna, shi kuma yana rawa a Ikko.” Abin ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo muku.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Yaron nan bai yi ƙarya ba, lafazinsa ne kawai ya yi kaushi. Wa ke shugabancin NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa a lokacin? Sardauna. Tafawa Ɓalewa mataimakinsa ne. A zaɓen 1959 NPC ce ta fi kowa kujeru a majalisar tarayya, kuma a tsarin da Ingila ta bar mana shugaban jam'iyyar da ta yi rinjaye ne ke zama Firayim Minista. Sardauna ya zaɓi ya zauna a Kaduna yana Firimiya, ya bar mataimakinsa a can. Shi da bakinsa yakan kira shi wakilinsa a Ikko. Me ya rage kuma?

Baba Malam, Kwarbai: Sannu ɗana. Ka fara labarin daga tsakiya. Malam Abubakar ya shiga majalisar Arewa tun 1946, bayan ya dawo daga karatu a Landan, a 1947 kuma ya tafi majalisar dokoki ta Ikko. Sardauna bai shiga majalisar Arewa ba sai 1949. Wato ya riga shi zama a majalisa da shekara uku.

Sa'annan ku dubi watan Agusta na 1950. Malamin makaranta ne daga Bauchi, ba ɗan sarauta ba, mahaifinsa ma yaron hakimi ne. Ya miƙe a majalisa a Kaduna ya kawo ƙudurin a sake duba tsarin En'e gaba ɗaya, yana cewa sarki shi kaɗai ya yi ta yanke hukunci ba tare da talaka yana da baki ba, abin ba zai ɗore ba. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Zamanin da in hakimi zai wuce sai ka cire takalmi ka durƙusa a gefen hanya. Bayan wannan ƙudurin ne aka shiga gyaran da ya sa sarki ya riƙa mulki tare da majalisarsa. Ɗan amshin shata ba ya fara waƙa, wannan kuwa shi ya fara.

Hajiya Ladi, Sabon Gari: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da tambaya. Bayan 1950 ina wannan muryar ta shiga? A watan nan dai na Agusta aka kafa NEPU, jam'iyyar talakawa masu adawa da mulkin sarakuna, a Kano. Su suka ci gaba da faɗin abin da ya faɗa, su suka sha bulala a kai. Shi kuwa ya koma cikin jam'iyyar da sarakuna suka rungume. Kakata 'yar NEPU ce a nan Sabon Gari, tana bin Hajiya Gambo Sawaba taro. Har ta rasu akwai tabo a gwiwar hannunta na hagu, inda wani ɗan doka ya maka mata kulki ranar da aka tarwatsa su. In muna yi mata tsifa sai ta nuna mana, ta ce ga katin jam'iyyata nan. Hajiya Gambo kanta an ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kuma kada a manta, duk zaɓen da ya kai shi kujerar nan maza ne kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa. Matan Kudu suna zaɓe, mu sai 1976 aka buɗe mana ƙofa.

Lauya, Kongo: Hajiya, abin da aka yi wa Kaka zalunci ne, babu mai musu. Sai dai a raba kaya. A tsarin mulkin lokacin, 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e duk suna ƙarƙashin gwamnatin jiha ne, wato Kaduna. Firayim Minista ba shi da ikon cire alƙali a Zariya. Ko murabus ɗin Sarkin Kano Sanusi a 1963, gwamnatin Arewa ce ta kafa binciken, ba ta tarayya ba.

Hajiya Ladi, Sabon Gari: Lauya, ba ikon doka nake tambaya ba. Mataimakin shugaban jam'iyya ne. Bakinsa fa?

Ɗan Samaru: Yauwa Hajiya! Ai Lauya hujja ya ƙara mana bai sani ba. Duk inda ƙarfin yake, a hannun Kaduna yake.

Lauya, Kongo: To mu je inda ƙarfin ke hannunsa mu gani. Janairun 1961, ƙasa na da kimanin wata uku da 'yanci, ya kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya. Ya tura sojoji Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1962 aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila.

Ɗan Samaru: Wannan ta ƙarshen cire ta, ɗalibai da 'yan adawa ne suka tilasta. Gwamnatinsa ce ta fara sa hannu.

Lauya, Kongo: Na yarda. To Isra'ila fa? Sardauna ya fito fili ya ƙi duk wata hulɗa da ita, ya ce Arewa ba ta son tallafinta. Gwamnatin tarayya ta bar ta ta buɗe ofishin jakadanci a Ikko, ta kuma karɓi rancenta. Ko ka ga daidai ya yi ko kuskure, wannan saɓa wa maigida ne a bainar jama'a, a kan abin da maigidan ya ɗauka da zafi.

Baba Malam, Kwarbai: Kuma ku lura, ra'ayinsa na 'yan mazan jiya nasa ne, ba aro ya yi ba. Mutum ne mai son a tafi a hankali. Da farko shi kansa yana shakkar haɗin kan Nijeriya, ya faɗa a majalisa ba a ɓoye ba. A 1953 da Anthony Enahoro ya nemi mulkin kai a 1956, yana cikin 'yan Arewa da suka ce a jira, aka yi musu ihu a Ikko. Tafiyarsa Amurka a 1955, yana ministan sufuri, ita ta sauya masa tunani, da ya ga mutane iri-iri sun zama ƙasa ɗaya. Da ya zama Firayim Minista a 1957 har da 'yan Action Group, jam'iyyar da ke mulkin Yamma, ya sa a gwamnati. In ka ga shi da Sardauna sun faɗi abu ɗaya, sau da yawa don makarantarsu ɗaya ce, Kwalejin Katsina, wadda yau take nan garin a matsayin Barewa.

Ni na ji muryarsa a rediyon mahaifina, irin mai batir ƙato da ake ɗorawa a kan kanta a rufe da ƙyalle. Ba na jin Turanci lokacin, amma in ya fara magana ko akuya ba a bari ta yi kuka a gidan.

Malam Idi, Tudun Wada: Baba ya tafi tarihi, a bar shi ya more. 😄

Ɗan Samaru: Baba, murya daban, iko daban. Ga tambayata ta ƙarshe, a amsa mini ita kawai. Mayun 1962, 'yan majalisar Yamma suka yi jifa da kujeru a Ibadan, nan take aka sa dokar ta-ɓaci, aka naɗa Majekodunmi kantoma. Oktoban 1965 aka yi zaɓen Yamma mai cike da maguɗi, ana ƙona gidaje da motoci da mutane wata da watanni, bai sa dokar ba. Me ya bambanta? A 1962 dokar ta karya Action Group, abokiyar hamayya. A 1965 kuwa za ta taɓa Akintola ne, Firimiyan Yamma, wanda jam'iyyarsa ke ƙawance da NPC. Ana gobe juyin mulki ma Akintola yana Kaduna wajen Sardauna, ba Ikko ya nufa ba. Shi ya san inda ake yanke magana.

Lauya, Kongo: Wannan ba ni da ta cewa a kai. Doka ta ba shi dama, bai yi amfani da ita ba. A makon ne ma ya karɓi taron ƙasashe renon Ingila a Ikko kan batun Rodeshiya, Ibadan na ci da wuta. Ranar 15 ga Janairun 1966 sojoji suka kashe shi da Sardauna da Akintola.

Baba Malam, Kwarbai: Allah ya jiƙan su. Ɗana, nan kam ka kama ni. Abin da zan ce kawai, ban yarda umarni aka ba shi ya yi shiru ba. Halinsa ne na jira ƙura ta lafa da kanta, kamar yadda rikicinsa da Azikiwe ya lafa bayan zaɓen 1964. Wannan karon ba ta lafa ba. In laifi ne, nasa ne, kada ku ɗora wa Sardauna.

Hajiya Ladi, Sabon Gari: To Baba, ai ka ƙara masa kaya ne ba ragewa ba. Da ɗan amshin shata ne da sai mu ce bawan Allah ba shi da yadda zai yi. Tunda ka ce yana da ra'ayin kansa, shirun da ya yi kan 'yan NEPU ma nasa ne ke nan.

Baba Malam, Kwarbai: Nasa ne, 'yata. Ban ce mala'ika ba ne.

Malam Idi, Tudun Wada: To ni yanzu me zan ce wa saurayin nan in mun haɗu da safe?

Ɗan Samaru: Ce masa a harkar waje ya yi kuskure, a ta gida kuwa ina bayansa.

Hajiya Ladi, Sabon Gari: Ka karɓo lambarsa a sa shi a zaure, Malam Idi. Ina so in ji ko ya san wace ce Gambo Sawaba.