Ɗakin binciken jami'a da bulon ƙasa: zai yiwu a Jigawa?

Tsohon Hedimasta: Assalamu alaikum. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da ta Sule Lamido a nan Kafin Hausa a 2013, gine-gine ba za su yanke mana ba. Ra'ayina shi ne, ɗakunan binciken da za a gina nan gaba a yi su da bulon jar ƙasa wanda aka matse da inji. Sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ke ɗumama duniya, domin sai an gasa dutsen da ake yin sa da shi da zafin da ya kai digiri 1,450.

Injiniya: Malam, Allah ya ƙara girma, amma a daminar 2022 gidajen ƙasa ne suka fara zubewa a ƙauyukanmu. Wa zai ajiye na'urar miliyoyin naira a irin wannan gini?

Baba Magini: Ɗana, gidajen da ka gani ba su da harsashin kirki, indararonsu ya toshe, kuma an daɗe ba a yaɓe su da makuba ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da tubali da azara, ya haura shekara 180 a tsaye.

Injiniya: Baba, wani sashen masallacin nan ne ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023.

Baba Magini: Allah ya jiƙansu. Ka nuna mini ginin siminti a ƙasar nan da ya kai shekarunsa, sannan mu ci gaba.

Malamar Kimiyya: Iyayena, ina ganin kun tsaya kan bango kun bar abin da ke cikin ɗaki. Ɗakin bincike ba aji ba ne. Akwai firjin da ke riƙe samfuri a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili dare da rana, akwai fankokin da ke zuƙe gurɓatacciyar iska su fitar waje, kuma idan an ɗauke wuta janareta ke ɗaukar nauyinsu duka, don haka dizal ɗin da za a ƙona cikin shekaru yana iya zarce hayaƙin simintin. A nan nake goyon bayan Malam: bango mai kauri yana jinkirta shigar zafi, wanda ya taɓa yin ƙailula a soro a watan Afrilu ya sani, sai na'urar sanyaya ɗaki ta rage aiki har wutar sola ta iya ɗaukarta. Masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya gwada haka a makarantar Gando ta Burkina Faso a 2001, inda ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta ratsa. Amma wurin haɗa sinadarai dole a yi masa daɓen kankare da tayil, a kuma toshe shi daga ƙurar hunturu.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, na karɓi wannan gyara.

Injiniya: Idan harsashin na kankare ne, kuma an zuba ɗan siminti a cikin bulon, zan sassauta. Sai dai sunan jiharmu ma ya faɗi irin ƙasarmu, yashi ya fi yawa. Idan sai tifa ta yi doguwar tafiya kafin ta kawo jar ƙasa, a sa man da za ta sha cikin lissafi.

Baba Magini: Ka zo ranar kasuwa in kai ka kududdufin da kakanninmu suka haƙa, ka ɗebi ƙasar ka kai a auna.