Me ya sa "is" take sauya wuri a jimlar Turanci?

Ummu_Aboabo:
Salamu alaikum malamai. 'Yata tana JHS 3 (aji uku na ƙaramar sakandare) a nan Kumasi, jarrabawar BECE ta ƙarato. Ta rubuta "Tell me what is a noun", aka gyara mata zuwa "Tell me what a noun is". Alhali a littafinsu an rubuta "What is a noun?" Wanne ne daidai? Kuma yaya ake tsara ma'anar kalma idan an ce a bayar?

Malam_Asawase:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Littafin da mai gyaran duk suna kan daidai. Asalin tsarin Turanci shi ne aikau (mai yin aikin), sai aikatau (kalmar aikin), sai karɓau (abin da aikin ya faɗa wa): "Amina bought rice." Haka Hausa take, haka ma Twi. Tambaya ta kai tsaye tana juya tsarin, kalmar taimako (irin su is ko can) ta sha gaban aikau: "What is a noun?", "Where can she sit?" Idan babu kalmar taimako a jimlar, sai a kawo do, does ko did, aikatau kuma ya koma siffarsa ta asali: "Where did she go?" Ba a cewa "did she went".

Amma da zarar tambayar ta shiga cikin wata jimla, bayan "tell me", "I know" ko "she asked", juyin ya ƙare. Aikau ya dawo gaba, did ɗin nan ma ta fita: "She asked where he went." Ta riƙa jarraba kanta haka: ta faɗi amsar a cike, "A noun is...", sai ta bi wannan jerin.

Ummu_Aboabo:
Na gode, Malam. To "Who broke the cup?" fa? Ban ga did ba.

Malam_Asawase:
Nan "who" ita ce aikau, tana wurinta, babu abin juyawa. A kwatanta da "Who did you see?", inda aikau "you" ne.

Anti_Sabonzango:
Kan ma'ana, Hajiya, gaɓoɓi huɗu ne a jere: kalmar, sai is ko are, sai jinsin da take ciki, sai abin da ya raba ta da 'yan uwanta, wanda that ko which ke buɗewa. "A triangle is a shape that has three sides."

Inda yaranmu ke tuntuɓe shi ne gaɓa ta biyu. A Hausa muna cewa "Suna kalma ce", ce ɗin tana zuwa ƙarshe, to yaro sai ya manta da is gaba ɗaya. Wasu kuma su tsallake jinsin su rubuta "Evaporation is when water...". Wannan a baki yana wucewa, amma a takarda ni ba na yarda da shi, domin bai faɗi ko mene ne abin ba. "Evaporation is the process by which a liquid changes into vapour" ita ce cikakkiya.

A kula da wani abu kuma: "Musa ya tafi" tana jan su su rubuta "Musa he went". Turanci aikau ɗaya yake ɗauka, ko Musa ko he.

Ustaz_Alabar:
Ƙari kaɗan ga 'yan makarantar Islamiyya. Sun saba da jumla fi'iliyya ta Larabci, inda fi'ili (aikatau) ke riga fa'ili (aikau), kada su kai wannan Turanci. Wuraren da aikatau ke yin gaba a jimlar bayani ƙalilan ne: "Here comes the bus", "Never have I seen it", da "There are three books". A ta ƙarshen, are ta bi books ne, ba there ba, shi ya sa littafi ɗaya sai "There is".