Don Allah a ba ni shawara, Umra da Inna da yara

Salamu alaikum jama'a, daga Gwaram nake. Bayan girbi insha Allah za mu Umra ni da Inna da maiɗakina da yara 2, amma zirga-zirgar can ta ɗaure min kai. Masaukin da kuɗinmu ya kai yana unguwar Aziziyya ne a Makka, da ɗan nisa da Harami, ga Inna gwiwa ta matsa mata ko gidan maƙwabta sai da sanda, wallahi abin na hana ni barci. Za ta iya bas ɗin Harami a wannan cunkoson ko tasi za mu riƙa ɗauka? Keken turawa fa, nan zan saya ko can? Sannan Makka zuwa Madina wajen kilomita 450, jirgin ƙasan Haramain ko mota? Wanda ya taɓa zuwa da tsohuwa ya taimaka min.