Neman shawara: Baba yana so ya rage kiɗan da yake yi wa tsofaffi, ta ina za a fara?

Mai tambaya, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu makaɗin goge ne, shekarunsa 74. Ya bar zuwa biki tuntuni, sai kiɗan da yake yi wa tsofaffi: wani gidan kula da su a cikin Jos, wani a wajen Bukuru, da taron 'yan fansho. Sau uku a mako, kowane zama awa ɗaya da rabi. Yanzu yatsunsa na hagu suna ƙagewa da safe, murya na dushewa kafin a kai rabi, ga hawan jini. Shi da bakinsa ya ce zai rage, amma ba ya son ya yanke wa mutanen nan. Ku ba mu shawara.

Makaɗin goge, Gangare:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada ku fara da rage ranaku, ku fara da rage tsawon zama. Minti 35 ya isa: 15 kiɗa, 5 hutu, 15 kiɗa. A yi wata guda a haka. In ciwon bai lafa ba, sai a koma sau biyu a mako, da kwana biyu a tsakani. Bukuru a mai da ita sau ɗaya a wata, domin zaman mota da ɗaukar kaya sun fi kiɗan gajiyar da dattijo.

Shi gogen ma a duba shi. A sassauta izgar, wato tsirkiyar gogen, kaɗan, sautin ya sauka. Muryar tsoho ba ta hawa inda take hawa da, in aka bar ɗaurin ƙuruciya zai dinga bin sa da maƙogwaro, a nan dushewar take farawa. Da hunturu fatar tana bushewa ta ɗame, sauti ya ƙara hawa shi kaɗai, don haka a sake ɗauri a wurin, ba a gida ba. Da damina kuma fatar tana saki: a shanya a rana, kada a kara a garwashi, ƙwaryar tsagewa take yi. Kuma kada a yi rowar ƙaro. Baka marar ƙaro zamewa yake, sai mutum ya danna da wuyan hannu da kafaɗa bai sani ba.

A samo ɗan amshi ɗaya mai ƙarfin murya. Baba ya ja baiti, yaro ya ɗauki amshi sau biyu, rabin waƙar ta bar wuyansa ke nan.

Likitar gashin ƙashi, Rikkos:
Sanyin Jos ba ya sassauta wa gaɓoɓi, musamman Disamba da Janairu. Kafin ya taɓa goge, ya tsoma hannu a ruwa mai ɗumi minti 10, wanda aka gwada da gwiwar hannu, sannan ya dunƙule ya buɗe sau 10 a hankali. Ya zauna a kujera mai majingina, ƙafafu a ƙasa, ba tabarma ba. In ya gama kada ya miƙe farat ɗaya, masu shan maganin hawan jini jiri yana ɗibarsu.

Ƙanena, ka tambaye shi abu biyu. Ƙagewar safe tana sakinsa cikin rabin awa, ko tana wuce awa ɗaya har da kumburi? Babban yatsa, manuni da na tsakiya suna mutuwa da dare? In ƙagewar tana wuce awa ɗaya, ko yatsun suna mutuwa, a ga likita, a auna suga. Don Allah kada a sayo masa diclofenac ko ibuprofen a kemis yana sha kullum: suna ɗaga jini, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Dushewar murya in ta wuce mako uku ko huɗu ba sauƙi, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Anti. Lasifika fa? Ƙannena sun ce a saya masa babba.

Ma'aikaciyar jinyar tsofaffi:
A'a, ban goyi bayan babba ba. Ƙaramar mai caji, da makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, don murya kawai. Goge ba ya bukata a ɗaki mai mutum 20. Ƙara mai yawa tana cutar da masu na'urar ji a kunne, tana kuma firgita masu ciwon mantuwa. Mai ƙwarya ma guda ɗaya, a shimfiɗa masa bargo a ƙasanta.

Lokaci kuwa, da hantsi, 10 zuwa 12. Sanyi ya ragu, an karya, an sha magani. Masu ciwon mantuwa sukan rikice daga la'asar zuwa magariba, a guji wannan lokacin. Tunda zaman ya gajarta, a zaɓi waƙoƙi 5 ko 6 na zamanin ƙuruciyarsu, shekarun 1960 da 1970. Su ne suka fi daɗewa a ƙwaƙwalwa, za ka ga wanda ya manta sunan jikansa yana amshi daidai. Maimaita su kowane zuwa ba laifi ba ne, hakan suka fi so.

Abin da ya fi ɓata irin wannan shiri shi ne a rage ba a faɗa ba. Tsofaffin nan ƙirga ranaku suke yi. A sanar da masu gidan mako biyu kafin canji, a tsayar da rana ɗaya da ba ta motsi, a rubuta a bango. Ranar da babu zuwa, a bar musu kiɗan Baba da aka naɗa a waya a ɗaki shiru, a sa a memori a ba mai kula da su. Ɗan amshin kuma ya dinga kaɗa waƙa ɗaya a kowane zama Baba yana gefe, don su saba da fuskarsa. Ranar da Baba ya tashi da mura ko tari, ya zauna a gida, ƙirjin mutanen nan ba ya ɗauka.