Faladiyom ɗina ya ƙi motsi a kan etanol, ina matsalar take?

'Yar Argungu: Assalamu alaikum. Malamai da yayyena, a taimaka. Ina digiri na biyu a kimiyyar sinadarai nan Birnin Kebbi, aikina ɗora ƙananan ƙwayoyin ƙarfen faladiyom (Pd) a fuskar ilektirod (sandar da lantarki ke bi ya shiga ruwan gwaji) na gilashin kabon, in ga yadda za su hanzarta oksideshan na etanol, wato cire masa ilektiron. Na goge ilektirod ɗin da garin alumina mai maikiron 0.05 har yana ƙyalli kamar madubi, na narkar da PdCl2 (gishirin faladiyom) cikin asid ɗin HCl, na ɗora shi da lantarki. Fuskar ta canza launi, alamar ya hau. Amma da na tsoma shi cikin asid ɗin 0.5 M H2SO4 da etanol na zagaya boltej sama ya dawo ƙasa, tudun da nake nema a layin awon lantarki, wanda ke nuna etanol ya motsa, ko alamarsa babu. Sau huɗu ke nan. Giram ɗaya tak na samu na PdCl2, shi ma sai da na sayar da tunkiyata. Mai duba aikina kuma ya yi tafiya.

Tsohon Malami, Gusau: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, faladiyom ɗinki lafiyarsa lau, ruwan ne ba nasa ba. Ina kyautata zaton takardar masu aiki da filatinam kika bi. Cikin asid faladiyom kusan ba ya taɓuka wa etanol komai. A ruwan alkali kuwa ya kan fi filatinam ɗin ma. Haɗa alkalin 1 M KOH da 1 M etanol ki sake. Dalili shi ne OH na alkalin da ke mannewa a fuskar ƙarfen, shi ke kwashe guntayen etanol da suka lafe, wuri ya buɗe wa na baya. Za ki ga tudu biyu, ɗaya a tafiya, ɗaya a dawowa. Na dawowar yana fitowa ne daidai lokacin da PdO ɗin (faladiyom da ya haɗu da oksijin) da ya lulluɓe fuskar ya koma ƙarfe.

Sai dai kada ki rubuta cewa etanol ɗin ya zama CO2 duka. Yawanci a asitet yake tsayawa, ilektiron 4 ke nan cikin 12 da zai bayar in ya zama CO2 duka, don tsinke haɗin da ke tsakanin kabon biyun nan ba wasa ba ne. In kuma dole sai asid, canza zuwa fomik asid, nan faladiyom gwani ne.

Bakanike Jega: Ni dai ban gane rabin zancenku ba, amma ba faladiyom ɗin nan ne ke cikin indomin salansar mota da ɓarayi ke kwancewa ba? Hajiya, ina da guda biyu a gareji, ki bar tumakinki su huta.

Abu Maryam: Shi ne, Oga, amma a gauraye yake da filatinam da rodiyom, raba su ya fi ƙarfin ɗakin gwajin ɗalibi. Ƙanwata, ƙari kan bayanin Malam: kada ki bari boltej ya gangara ƙasa sosai. Faladiyom na shan haidirojin har kusan ninki 900 na girmansa, sai ya dagula miki layi. Fara gwada KOH zalla tukuna, bayan kin busa naitirojin. In kin ga tudun PdO, kin tabbata ƙarfen na nan. Ki haɗa KOH sabo kullum, yana zuƙar CO2 daga iska. Ilektirod ɗin da ake auna boltej da shi kuma, na Ag/AgCl ba ya jure alkali mai ƙarfi, nemi na Hg/HgO. Ki riƙa rubuta zafin ɗaki ma, awon safe da na azahar ba za su zo ɗaya ba a Kebbi cikin Afrilu.

'Yar Argungu: Baba Malam, Allah ya saka da alheri! Tudun ya fito, biyu cur, har na yi guɗa ni kaɗai a ɗakin. Yaya Abu Maryam, Hg/HgO ne babu a wurinmu. Akwai wanda zai ara mini nasa na mako biyu, ko a Sakkwato ne?