Abin da ya fito daga mahawararmu kan lissafin taɓuwar jikuna biyu masu lotsawa

To ƴan uwa, kwana uku ana ta kai da komo, bari in tattaro muku. Tambayar ita ce wace hanya ta fi dacewa a lissafa a kwamfuta yadda jikuna biyu, kamar ƙwallo da faranti na ƙarfe, ke taɓa juna.

1. Kowa ya yarda da sharuɗɗan Signorini: jiki ba ya kutsawa cikin ɗan uwansa, wurin haɗuwa dannawa kawai yake ba ya ja, in akwai rata tsakani to matsi sifiri ne. Daga nan sai neman mafi ƙarancin makamashi ƙarƙashin wannan ƙaidin.

2. Nan aka rabu. Wasu sun ce hanyar fenalti ta fi sauƙi, kamar ka sa sifirin (wato spring, naɗaɗɗen ƙarfen da ke lotsawa ya dawo) mai tauri tsakanin ƙarfe biyu, amma in lambar taurinsa ta yi ƙanƙanta sai ka ga a allo ƙwallon ya nutse cikin faranti, in ta yi yawa kuma kwamfuta ta yi ta juyi lissafi ya ƙi zama. Wasu suka tsaya kan hanyar Lagrange, wadda ke sa matsin wurin haɗuwa cikin abubuwan da lissafi zai nemo, don ba ta barin kutse ko kaɗan, sai dai tana ƙara yawan abin da ake nema. Mafi yawa, har da ni, mun karkata ga wadda ta haɗa biyun da zagayen Uzawa, wato a yi ta maimaita lissafin ana gyara matsin har ya zauna.

3. Kafin komai ku gwada da lissafin Hertz na 1882: ƙwallo a kan faranti, matsin tsakiya ya ninka matsakaici sau 1.5.

4. Ku ƙanƙanta ragar lissafi, wato ƴan gutsattsarin da ake raba jikin cikinsu a kwamfuta, a wurin taɓuwa kawai, injinanmu na Yamai ba su da ƙarfi, ga wuta na ɗaukewa.

Gogayyar Coulomb, wato ƙa'idar lissafin gogayya tsakanin jikuna biyu masu taɓa juna, a shigo da ita daga baya. Masu neman manhajar kyauta an ce su duba Code_Aster.